Abin da ƙanwarki ta zuba mini a kunu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙara na kawo miki, Umma. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma a nan duk wanda na fara faɗa wa sai ya tare ni da "ai don tana son ki ne", har maganar ta koma tana tayar mini da zuciya.

Ciwon sukarin da ya ci ƙafarki kafin ya ɗauke ki, na gaje shi, haɗe da jikin. Kin san mu, mai Keke Napep ya hango mu sai ya ce wuri ya cika. Kafin in kai ajin da nake koyarwa sai na tsaya a gindin mangwaro na huta.

Bara likitan da ke duba ni ya ce ana gwajin wata sabuwar allura ga masu ƙiba da sukari, idan ina so. Suka zaunar da mu suka yi bayani dalla-dalla. Sau ɗaya ce a mako, a fatar ciki. Wasu za su samu maganin, wasu allurar da babu komai a cikinta, kuma ba wanda zai san rabonsa. Abu ɗaya suka yi ta nanatawa, kada mu sha wani magani, ko na gargajiya ne, ba da saninsu ba. Mijina ya ce in shiga, na shiga.

Da farko na sha wuya, ƙamshin manja ma amai yake sa ni. Daga baya jiki ya fara sakina, sukari ya sauka. Wata Juma'a na ture kujerar salla gefe na kai goshina ƙasa, rabona da haka tun kina raye. Na daɗe a sujadar nan ina kuka.

Da na rame, sai unguwarmu Ketaren Gwari ta ɗauka. "Malama, lafiya kuwa?" Wasu suka ce maigida ya daina cefane. Wasu suka ce ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa, har wata maƙwabciya ta dawo mini da kwanon abincin Salla ko buɗe shi ba ta yi ba. Su ne fa masu ce miki "Hajiya kin murje, hutu ya karɓe ki" alhali yatsanki yana baƙi a cikin safa. 

Duk wannan da sauƙi. Bikin Zainab ya matso, 'yar ƙanwarki Inna Lami, dangin ango kuma daga Bida za su zo. Da tela ya rage mini ɗinkin anko, Inna Lami ta kalle ni sama da ƙasa ta ce 'yar Rabi ba za ta tsaya gaban surukai kamar kazar da ruwa ya doka ba. Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata.

Daga ranar ta fara aiko mini da kunun gyaɗa a fulas tun daga unguwarsu Barkin Sale, kullum safe, da saƙon cewa ba ta sa sukari ba. Ɗanɗanonsa sak naki. Ina sha ina sa mata albarka, ina cewa ashe ban yi maraici duka ba.

Ci ya buɗe mini kamar gara. Fuska ta kumbura ta yi faifai, ga ƙishirwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Takalmin da na sa ranar biki ya ɗan goge mini babban yatsa, wurin ya ƙi warkewa. A asibiti suka ga sukarina ya haura inda bai taɓa zuwa ba, suka tsayar da allurar, a zatonsu ita ce. Sista Rahila, nas ɗin da ke mana allura, ita ta ƙura mini ido ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Malama, wannan fuska na sha-ka-fashe ne. Wane ne yana ba ka?" Ƙwayar nan ce ta kemis da 'yan mata ke sha su yi ƙiba. Na rantse ban taɓa ko riƙe ta ba. Ina cikin rantsuwar kunun ya faɗo mini a rai.

Na sami Inna Lami a tsakar gidanta tana tsintar shinkafa, ko musu ba ta yi ba. Ta ce ita ta daka ta zuba, gyara ni ta yi, kuma ga shi nan a biki kowa ya yaba. Ta ƙara da cewa da kina raye, da ke ce za ki fara zuba mini.

Umma, matar nan ita ta riƙe miki hannu ranar da aka yanke ƙafarki. Ita ta wanke tsummokaran, ta shaƙi warin da muka shaƙa. Duk da haka abin da mutanen Bida za su faɗa a hanyarsu ta komawa ya fi mata jinina nauyi. Tir da wannan so.

An cire ni daga gwajin, kuma ban ga laifinsu ba. Saura ƙiris a ɗora wa maganin laifin da ba nasa ba, a hana wasu irina. Yanzu ina kwance a asibiti, ranar Alhamis likita zai faɗi ko yatsan zai tsira ko za a cire shi.

Jiya Inna Lami ta zo dubiya da ayaba da lemo. Ƙafata na gabanta a naɗe da bandeji, ba ta ko kalle ta ba. Fuskata ta kalla, kumburarriya, ta washe baki ta ce, "Ma sha Allah, yanzu kika dawo mutum."

Tun da ta fita nake juya maganarta a kanki. Na tuna yadda kike ƙara mini malmala kina cewa "ci ki yi auki". Na kuma tuna ki a ƙarshen kwanakinki, kina janye kofin shayi daga gabana, kina shafa ƙafata. Wannan Ummar nake riƙe da ita. Ba na jin za ki zuba, amma da kina nan da na tambaye ki, na kwantar da kaina a cinyarki na ji daga bakinki.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya mayar miki da ƙafarki a Aljanna. Ni kuma ya bar mini yatsana. Dangi sun taru sun ce in yafe mata kafin Alhamis, kada in shiga hannun likita da riƙo a zuciya. Na gwada, Umma. Har yanzu abin bai yiwu ba.

'Yarki mai kewarki,
Habiba