Layi Biyu a Gilashin Hoto

Litinin, 8 ga Nuwamba, 1926
Na wanke gilashin hoto na huɗu. Har yanzu layi biyu. Littafin Farfesa Wendtland, wanda ya shekara ashirin ana koyar da shi, ya ce hasken wannan ƙwayar zarra layi ɗaya yake bayarwa. Sabon lissafin da yake kira shirmen yara ya ce biyu. Ni ce mace tilo a sashen nan, kuma sai da sa hannunsa za a bar ni in ci gaba bayan Kirsimeti. Ranar Alhamis zan yi jawabi gaban kowa. Na shiga uku.

Talata, 9 ga Nuwamba
Tsoho Lenz, mai hura mana bututun gilashi, ya kama ni ina cusa hoton ƙarƙashin takardu. Ya ce gilashi ai fashewa yake yi, in ina so zai yi tuntuɓe da shi, kowa ya san ƙafarsa ba lafiya. Na yi dariya, sai kuma na ji kunya, don wallahi na so in ce to.

Laraba, 10 ga Nuwamba
Miyar dankali ta ƙi shiga.
Ba abin da nake ji sai ƙarar takalma. A zauren nan in jawabi ya yi daɗi, ƙwanƙwasa tebur suke yi da bayan yatsu. In bai yi ba, su yi ta goga takalmi a ƙasa har mutum ya sauka. Bara na ga an yi wa wani ƙato mai gemu, ya fita yana share ido. Balle ni.
Na rubuta jawabi iri biyu. Ɗaya babu hoton a ciki.

Alhamis, 11 ga Nuwamba
Na hau da jawabin da babu hoton. Ban san yadda aka yi ba, alli ya karye, na tsinci hannuna cikin jaka, na fito da gilashin.
Takalma suka fara daga baya. Farfesa ya miƙe, ya karɓi gilashin, ya je taga ya ɗaga shi. Ya daɗe.
"Malama Riedel, sau nawa kika maimaita?"
"Huɗu, ranka ya daɗe."
"Layi biyu ne," ya ce. Ya zauna, ya ƙwanƙwasa tebur, shi kaɗai. Tsufansa ya ba ni tausayi, ban zata ba.
Bai ce komai kan takardar da zai sa min hannu ba.

Litinin, 15 ga Nuwamba
Shiru dai, Farfesa bai sa hannu ba. Lenz ya ce tun Juma'a bai fito daga ofis ba.
Gilashi na biyar: kamar akwai layi na uku, siriri, wanda sabon lissafin ma bai san da shi ba. Na jingine shi a taga inda duk mai wucewa zai gani. Na ci miya kwano biyu, sanyi ne kawai.