Na Lallaɓa Injin Har Ya Ƙone

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya aiki? Mu nan Kafin Hausa jiki lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Injin ban-ruwan da ka saya mana ya ƙone ranar Talata, kuma ni na jawo. Ka san akwatin nan mai rage masa gudu. Don kada ya wahala, sai na riƙa barinsa yana juyawa a hankali tun safe har la'asar. Da na kai shi Dutse, mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Malam, tausayinka ne ya kashe shi. In gudu ya ragu, fankarsa ba ta sanyaya shi, sai zafi ya cinye rufin wayar."

Yaya, alkama ta fara fitar da kai, yau kwana biyar ba ruwa. Baba bai sani ba, kullum sai ya tambaye ni ko ta sha. Don Allah ka tambayi wanda ya sayar maka, wane inji ne ya dace da akwatin nan, ka kira ni.

Ka gaida mutanen gida, ka sa mu a addu'a. Yau ma na ce wa Baba ta sha.

Ƙaninka,
Ado