Yadda Kawu Bello Ya Rasu a Hamada

Takur, Dutse.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Sabha? Ƙafar taka ta daina ciwo? Inna da su Hadiza suna lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Sai haƙuri, Yaya, Allah ya yi wa Kawu Bello rasuwa a hamada. Shekaranjiya wani Malam Jauro, da suka tashi tare daga Agadas, ya zo har gida ya faɗa wa Inna. Ya ce kwana biyu da tashinsu guguwa ta binne tsofaffin tayoyin da direbobi ke bi su gane hanya, wayar da ke nuna musu hanya kuma ta mutu. Kawu, da ya tsufa yana tuƙi a wannan hanyar, ya tsayar da mota ya ce, "Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, na ɓata. Kowa ya rage shan ruwa."

Kwana huɗu suka yi a inuwar motar. Rabonsa na ruwa wata mai goyo yake miƙa wa. Kafin wata mota ta tsince su, sun riga sun yi masa salla da taimama, sun rufe shi a cikin rairayi.

Inna ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya take ta yi mini, wai ta wace hanya za ka dawo. Don Allah, Yaya, kada ka biyo hamada, ko da za ka ƙara shekara a can.

Ka sa Kawu a addu'a, mu ma ka sa mu. Ka gaida mutanen Garki da kuke tare.

Ƙanwarka,
Rabi