Sammakon Ɗan'azumi

Ka'akiyya, Makka
Litinin, 3 ga Janairu, 2022

Zuwa ga maiɗakina Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙirjin Inna Ɗaso? Ki durƙusa ki gaishe mini da ita, ki ce ɗan nan nata mai taurin kai ya gama Umara lafiya.

Murja, wata takwas ina taka ƙasa. Daga Gumel na ratsa Maiduguri da Chadi da Sudan, takalma biyar na kashe. Teku kaɗai ta sa na hau jirgin ruwa, ina sauka Jidda kuwa na ci gaba da ƙafata. Masu cewa a Damaturu zan juyo, ki gaya musu ina gaisuwa daga gindin Ka'aba.

Yanzu kuma wai ba zan hau jirgin saman da zai maido ni gida ranar Asabar ba sai an zura mini tsinke a hanci. Gwajin korona! Ni da zazzaɓi ya kayar a dajin Sudan, na tashi na karkaɗe rigata? Na yi ta faɗa, mai masaukina Hisham yana ba ni haƙuri da Hausarsa da ta sha Larabci. Turare yake sayarwa, kakansa mutumin garinmu ne, shi ma a ƙasa ya zo tun zamanin Turawa.

To, kin san ni da sammako. Hanya ta koya mini wanda ya jira hantsi rana ce abincinsa. Yau ana idar da sallar asuba, ban shawarci kowa ba, na tafi ƙaramin asibitin unguwa aka yi mini. Kafin la'asar sakamako ya fito, ba ni da komai. Takarda tana aljihuna, saura kwana biyar cur. Ina masu cewa ɗan ƙauye bai iya shiri ba?

Ki gaya wa Inna tsarabarta ta samu. Abu ɗaya ta roƙe ni ranar da na fito, likkafani wankakke da zamzam. Na saya, na wanke da hannuna, yana kan soron Hisham yana shan iska. Ni zan damƙa mata shi hannu da hannu, in sha Allahu.

Mijinki,
Ɗan'azumi

Ka'akiyya, Makka
Juma'a, 7 ga Janairu, 2022

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, ina gaida yara. Na ji saƙonki a wayar Hisham, cewa jikin Inna ya yi tsanani, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Allah ya ba ta sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Sammakona ya yi mini tsiya. Jiya muka je ofishin jirgi, ma'aikacin ya dubi takardata ya turo mini ita. Ashe gwajin kwana biyu kawai yake rayuwa, tawa ta mutu tun Laraba. Hisham ya dafe kai, ya ce me ya hana ni tambaya. Na ce ai ban taɓa jin inda shiri da wuri ya zama laifi ba. Muka koma aka sake zura tsinken. Murja, wannan karon an ce ina ɗauke da korona.

Na san inda na kwaso. Tun Litinin da na ga takarda ta yi kyau na saki jiki, Hausawan Makka suka yi ta zuwa ganin mutumin da ya zo a ƙasa irin na kakanninsu. Daga unguwar Shisha, daga ko'ina. Tsofaffi su rungume ni suna kuka, su sumbaci kaina, mu sa hannu a faranti ɗaya. Wa zan ture? Baba Mukhtaru, wani dattijo ɗan shekara tamanin, har ƙafata ya shafa. Yanzu yana asibiti an sa masa robar numfashi.

Ni lafiyata lau, ko tari ba na yi. Shi ya sa Hisham ya kawo shawara, kuma na ji ke da ƙanena Aminullahi kun goyi bayansa. Wai akwai wani mai kwamfuta da zai gyara kwanan watan takardar Litinin ta koma ta jiya. Sunana ne, hancina ne, lamba ɗaya kawai za a taɓa.

Wallahi ba zan yi ba. Ki gaya wa Aminullahi ya daina kiran waya, ba zan ɗauka ba. Ba tsoron kamu nake yi ba, na wuce shingen sojoji ya fi ashirin. Amma ki tuna yadda ake tarbar mai dawowa daga Makka a garinmu. Wa zai fara rungumata? Inna ce, da wannan ƙirjin nata. Sai Liman, sai tsofaffin layinmu kaf. Na ga abin da rungumar nan ta yi wa Baba Mukhtaru da idona. In taka ƙasa wata takwas domin Allah, sannan in rufe tafiyar da ƙarya, in kai wa uwata ajalinta a cikin rigata? Haba Murja!

Ina son ganinta, Allah ya sani. Tun da na ji saƙonki abinci ba ya wuce mini. Amma zan killace kaina a ɗakin soro har a ce na warke.

Likkafani dai ba shi da hanci, ba mai tsare shi. Na sa Hisham ya miƙa wa Hajiya Ramlatu, 'yar Haɗeja da za ta bi jirgin gobe. Aminullahi ya tare ta a filin jirgin Kano. Ki sa wa Inna shi a hannu, ki ce ina biye.

Naki,
Ɗan'azumi

Ka'akiyya, Makka
Laraba, 19 ga Janairu, 2022

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum. Ina yi miki gaisuwa, ina yi wa kaina. Yaya haƙuri? Yaya yara da rashin kakarsu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya saka miki da jinyar da kika yi.

Na karanta wasiƙarki har takardar da Hisham ya bugo mini ta yi laushi. Kin ce ta karɓi likkafanin ta shinshina, ta sa a ƙarƙashin matashinta, kwana shida tana tambayar ko na iso. Kin ce a cikinsa aka sa ta. Na gode da ba ki ɓoye mini tambayar tata ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Na kuma ji abin da ake faɗa a zaman makoki, wai taurin kaina ya hana ni ganawa da uwata, da na karɓi takardar jabun nan da na same ta da rai. Gaskiya ne, da na same ta. Amma da yau ina zaune ina lissafin ko numfashina ne ya ƙarasa ta, kuma babu malamin da zai iya cire mini wannan daga zuciya. Su faɗi abin da suka ga dama. Da za a maido ni waccan Juma'ar, abin da na yi shi zan sake.

Baba Mukhtaru ya fito daga asibiti, alhamdu lillahi. Ni ma na warke. Jirgina Juma'a ne, kuma wannan karon sai gobe Alhamis zan je gwajin, da hantsi, kamar kowane malalaci.

Abu ɗaya nake so ki tsaya mini a kai. Kada a turo mota Kano, kada a tara mutane. Daga filin jirgi da ƙafa zan taho, kwana huɗu ne zuwa Gumel. Zan fara biyawa ta maƙabarta in gaya mata na iso, sannan in shigo gida. Aminullahi zai ce mota ta fi sauri. Ki ce masa wadda nake yi wa sauri ta riga ta tafi.

Mijinki,
Ɗan'azumi