Alamar Tawada A Yatsan Yaro Ba Rigakafi Ba Ce

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon aikin likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce uwar Mariama, ɗalibarku da aka dakatar daga zagayen koyon aiki a asibiti. Daga Zongon Wagadugu nake rubuto maka, kuma na zaɓi in yi shi a fili domin abin ya wuce ni da ɗiyata.

Da farko, ka san wadda ke magana. Ɗana na fari ƙyanda ce ta kashe shi yana goye a bayana. Duk waɗanda na haifa bayansa babu allurar da ta wuce su, katunansu suna nan cikin akwatina. Da ni za a tambaya, tilas a kan rigakafi ma ta yi kaɗan ga uwar da ke wasa da ran ɗanta. Mun sha jayayya da Mariama a kan haka, har yau ba mu daidaita ba.

Na biyu, ga abin da ya faru. Malaminsu ya tambayi ɗalibai ra'ayinsu game da tilasta rigakafi. Mafi yawansu suka ce a tilasta, a hukunta mai ƙi. Mariama ta ce ita ma tana son a yi wa kowane yaro, amma ta faɗi abin da ta gani da idonta. Masu rigakafi suna shafa tawada a ƙaramin yatsan yaron da suka gama da shi. Tun da aka fara yi wa mata barazana a unguwarmu, wasu sai su sayi alƙalamin tawada a shago su shafa wa yaransu tun da safe. Ma'aikaci ya duba yatsa ya wuce, a rubuta an yi. Malamin ya ce ta faɗi gidajen. Ta ƙi. Ya ce wadda ke rufa wa maƙiyan rigakafi asiri ba ta cancanci farar riga ba.

Na uku, waɗannan mata ba maƙiyan rigakafi ba ne, na san su. Yawancinsu matan direbobi ne da 'yan kasuwa, mazansu suna hanyar Yamai ko Kano. Mace ba za ta miƙa yaro a yi masa allura ba tare da izinin ubansa ba, domin in ya kwana da zazzaɓi ita za a tuhuma. Ku kuwa kukan zo da hantsi a tsakiyar mako, lokacin da babu namiji a gida, da Faransanci da Mosanci, yaren 'yan gari, ku yi wa baƙuwa tsawa. Tana tsoronku, tana tsoron mijinta, sai ta kama ƙarya. Ban wanke su ba. Ƙarya haramun ce, kuma na faɗa musu haka a fuskarsu. Amma ranar da Mariama ta ambaci gida ɗaya, ranar za a rufe mata kowace ƙofa a Zongo, ku rasa ɗaliba guda da ke jin abin da ake faɗa bayan fitarku.

Na yi mata faɗa a kan ɗaga murya gaban malami, ban yi mata irin wannan tarbiyya ba, kuma za ta ba shi haƙuri. Sai dai shi ya yi tambaya. Idan malami ya nemi ra'ayi sannan ya hukunta mai amsawa, abin da ya koya wa sauran shi ne su faɗi abin da ake so a ji. Wannan ma shafa tawada ce, ranka ya daɗe, kuma likitan da ya saba da ita ya fi waɗancan mata haɗari.

Roƙona biyu ne. A mayar da Mariama bakin aikinta kafin shekarar ta lalace mata. Sannan ka turo ɗalibanka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da direbobi ke gida, su yi magana da iyaye maza da Hausa. Ni zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, ni zan bi gida-gida in kira matan. Ba zan ba ka sunan kowa ba. Zan kawo maka yaran da yatsunsu a wanke.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam,
Uwar Mariama, Zongo, Wagadugu.