Ƙafar Sadick tsakanin kamfani biyu

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kafil, wato Balaraben da ya ɗauko mu aiki a ƙasarsu, ya sa a mayar da tayil ɗin kamfaninsa na gini zuwa kamfaninsa na kasuwanci. Ni ne akawu, na faɗa wa Gafaru manaja cewa mai su ɗaya ne, a takarda za a yi canjin, in ya so masu haraji su duba. Ya ce a'a, sai an ga kaya sun motsa da ido. Sito biyu, fili ɗaya. Yalla, a kwasa. Ni ina ruwana.

Talata, 8 ga Oktoba

Tulin tayil ya zubo wa Sadick, ɗan Kumasi mai tuƙa motar ɗaga kaya, a ƙafa. Na ji ƙarar ƙashin daga ofis. Da na fito, jini har cikin takalmina. Yana ihu yana kiran uwarsa, Gafaru yana tambayar kwali nawa suka fashe.

Laraba, 9 ga Oktoba

An yanke ƙafar daga ƙauri.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kamfanin gini ya ce kayan sun bar hannunsa. Na kasuwanci ya ce ba su iso ba. A tsakiyar fili Sadick ya faɗi, don haka ba na kowa ba ne, za a sa shi jirgi a mayar da shi gida kafin ya warke. Gafaru ya ce, "Malam Ƙasimu, khalas, ya isa, sa hannu kan takardar haraji." Na shaƙe shi da kwalar rigarsa, na buga ƙeyarsa da bango. Ya fasa min leɓe. Gaskiya shi ma umarni aka ba shi, kuma yana da 'ya'ya. Duk da haka na so in ƙara.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ofishin kafil a unguwar Mushairib. Na ce, "Ranka ya daɗe, in kamfanonin nan ɗaya ne wajen haraji, ɗaya ne wajen ƙafar nan. In biyu ne, ba zan sa hannu ba." Ya jefe ni da kofin shayi, ya same ni a gira. Ya ce kwangilata ba za ta ga sabuwar shekara ba. Sannan ya kira asibiti.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je asibiti. Sadick zai zauna har a yi masa ƙafar roba. Ya ce, "Yaya, fuskarka ta fi ƙafata muni." Ban taɓa shan ko ruwa da shi ba a da. Na yanke masa faratan ƙafar da ta rage, sun yi tsawo ne kawai. Gobe ma zan leƙa, asibitin kan hanyata yake, kusan.