Hagun da Baba Ya Hana Ni

Laraba da dare, Tudun Wada

Yau ma Rahila ce, abokiyar aikina. Alhaji Sani mai ɗinki ya shigo shagonmu da aikin zanen wuyan riga, ya wuce teburina kamar bai taɓa sanina ba, ya tsaya a nata. Shekara shida ina yi masa zane da maus ɗin kwamfuta! Ni na koya wa yarinyar nan kunna kwamfuta. Amma tunda yayanta ya aiko mata da allon zane na kwamfuta mai alƙalami, layin da nake ɓata rabin awa ina lanƙwasawa, ita ja ɗaya take yi masa.

Da ta fita sayen awara, na zauna a kujerarta. Na kama alƙalamin da dama, layin ya yi ta rawa. Ban san sanda na mayar da shi hagu ba. Wallahi sai ga ganye ya fito sumul, irin wanda nake zanawa a ƙasa ina yaro, kafin Baba ya sa bulala ya raba ni da hagu.

Ta dawo ta same ni a haka. Ta yi dariya ta ce, "Yaya Nura, ashe kai ma bahago ne irina?" Na ce wasa nake, na koma kan maus ɗina.

Dā na zaci allon ne ya tsone min ido. To allo ai saye ake yi. Abin da ke ci min rai shi ne, ita ba wanda ya taɓa buge mata hannu.

Yanzu ma da dama nake wannan rubutun, ga shi nan duk a karkace.